Na tsallaka gada don kar a gane ni

Shekarun baya, ɗiyata ta fari ta zo ta ce za ta bar aikin anfirmiye, wato nas, ta koma lakwal karatu, sajfam take so ta zama, ungozomar asibiti. Mace mai 'ya'ya har sun girma! Ni ba na kiran sunanta, ba ma doguwar magana, kun san kunyar ɗan fari. Amma ranar na buɗe baki. Na ce, "Ke, kina da aiki a hannu za ki koma zama kan benci da sa'o'in ɗiyarki? Sajfam nawa ke zaune gida da takarda?" Ta ce, "Ki yi mini addu'a, Inna."

Ta gama, aiki bai zo ba. Na ji ana cewa tana wata matarnite, asibitin haihuwa, tana aiki kyauta kafin a ɗauke ta. Ban tambayi ko ina ba, haushi nake ji.

To ni ina da ciwon da ban faɗa wa kowa ba. Tun haihuwar autana mahaifa ta sauko. Da abin ya kai ba na iya ruku'u, na bar unguwarmu Banifandou na shiga taksi, na wuce ta wajen Gaweye na tsallaka gada, zuwa wani asibiti can inda ba mai sanina.

Aka ce in shiga. Na kwanta, na kwance zani, na rufe fuska da mayafi. Sai na ji an ce, "Sannu baba, me ke damunki?"

Muryarta ce! Na ƙara rufe fuska don kar ta gane ni. Ashe ta gane ƙafata. Ta ce a hankali, "Inna?"

Na zabura zan gudu, zani a hannu. Ta tare ƙofa. Na ce, "Kauce, mara kunya! Kira mini wata." Ta ce, "Ni kaɗai ce yau. Kin ɗauka ban ga yadda kike zama gefe guda a tabarma ba? Tun yaushe nake kallo. Anfirmiye ce ni, allura nake yi, ban san wannan ciwo ba. Shi ya kai ni lakwal."

Na koma na kwanta, na ja mayafina. Ta duba, ta kai ni wurin babban likita, aka yi mini aiki. Ita ma daga baya an ɗauke ta aiki, har sun fi son wadda ta san ayyukan biyu.

Mata tsarana, ku daina ɓoye ciwo. 'Ya'yanmu suna gani, shiru kawai suke yi mana.

Har yau ban kira sunanta ba. Amma na samo mata wani, da shi nake ƙwala mata kira a tsakar gida, maƙwabta na ji: Sajfam!