Baftismar Ƴar Fari

Ni ce ƴar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Matameye ya san abin da hakan yake nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, can ƙuryar gida. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce wa Kaka, "Yarinyar nan ta wajenki." In muka haɗu a zaure, ni in durƙusa in sunkuyar da kai, shi kuma ya dubi bango ya amsa, sai ka ce bangon ne ya gaishe shi. Ƙannena suna hawa kafaɗarsa, suna laluben aljihunsa ranar kasuwa, ni kuwa ko kusa da tabarmarsa ba na zama. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma ban taɓa jin haushinta ba don ban san da wata hanyar ba.

Muna da tsarinmu. In takalmina ya tsinke, ko kayena, wato littafin rubutu, ya cika a lakwal, makarantarmu ta boko, sai in gaya wa Kaka, Kaka ta gaya wa Baba. Ranar kasuwa ya sayo ya ba ta, ta ba ni, in ce ta yi masa godiya. Saƙo bai taɓa ɓacewa ba, sai dai Kaka takan ƙara masa gishiri a hanya. In na ce takalmi, ita sai ta ce takalmi da ɗankwali.

Mu Kirista ne tun daga kakana namiji. Gidajenmu kaɗan ne a garin, kuma rabin danginmu Musulmi ne, muna cin naman layyarsu, suna cin shinkafarmu ta Kirsimeti. Majami'armu ƙarama ce, ba ta da wurin yin baftisma, saboda haka a tafkin bayan gari ake yi, sau ɗaya a shekara, bayan an girbe gero, kafin ruwan ya ƙafe. Wanda ya rasa ta bana sai ya jira baɗi.

Shekarar da na cika goma sha bakwai na ba da sunana. Zumuɗi kamar ya kashe ni. Na sa an ɗinka mini farar riga tun gero bai nuna ba, kullum sai na ciro ta na duba na mayar. Mu biyar ne muke zuwa darasi wajen fasto duk Asabar, a inuwar bishiyar dogon yaro da ke ƙofar majami'a. Faston wani ɗan siririn dattijo ne daga wajen Dungu, mai magana a hankali, wanda in ka ba shi amsa sai ya yi shiru ya dube ka har ka fara shakkar kanka.

Ni bai taɓa sa ni shakka ba, don na fi kowa hadda. Allah ɗaya ne. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, amma ba alloli uku ba ne. Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, duk da haka ikonsu ɗaya, nufinsu ɗaya, ba wanda ya riga wani. Ina zuba wannan ba tare da na ja numfashi ba. A lakwal ƙawayena sukan tsokane ni su ce, "Ku masu Allah uku," ni kuwa dama jira nake. Sai in tsaya in yi ta bayani har a buga ƙararrawa, su gaji su ce sun ji, in saya musu ƙosai mu shirya. Baki dai Allah ya ba ni, kuma ban ɓoye shi ba.

Kafin baftisma akwai tambayoyi gaban fasto da dattawan ikilisiya. Babana yana cikin dattawan. Da aka zo kaina sai ya miƙe ya ce zai duba kekensa, ya fita. Kowa ya gane. Aka yi mini tambaya bakwai ko takwas, na amsa tun ba a rufe baki ba. Ɗaya daga cikin dattawan har yana gyaɗa kai. Sai fasto ya ce, "To, ƴata, yi mana addu'a mu ji."

Na rufe ido na yi irin wadda na saba. Na ce, "Ya Almasihu, ka gaya wa Ubanka na gode da ya kawo mu kaka lafiya. Ka gaya masa gwiwar Kaka tana damunta. Ka roƙa mini shi ya bar ruwan tafki har ranar baftisma. In ya yarda, ka yi masa godiya."

Na buɗe ido ina jiran yabo. Fasto ya yi mini wannan duban nasa.

"Kullum haka kike yi?"

"Kullum, Baba Fasto."

"Me ya hana ki gaya wa Uban da kanki?"

Tambayar ta ba ni mamaki ƙwarai. Na ce, "Ni? Ai wannan rashin kunya ne."

"A majami'a ba kya cewa Ubanmu tare da jama'a?"

"Wannan cikin taro ne. Ko a gida in ƙannena suna gaisuwa nakan sa bakina a ciki."

"To Ruhu Mai Tsarki fa, ina kika baro shi?"

Na ce gaskiya shi ban san me zan ce masa ba, ban san ma ta ina yake zama ba. Dattijon da yake gyaɗa kai ya rufe baki da hannun riga.

Fasto bai yi dariya ba. Ya ce, "A bakinki Allah ɗaya ne, amma a addu'arki kin raba shi. Kin yi ɗaya mai sauƙin kai da za a iya aika, kin yi ɗaya mai nisa da ake jin nauyinsa, na ukun kin manta da shi. Ɗan ba ɗan aike ba ne, ƴata. Bai zo don ya karɓi saƙonki ya bar ki a zaure ba, ya zo ne ya shiga da ke cikin gida. Da sunan su ukun zan tsoma ki, ba na so in tsoma ki da sunan wanda ba ki taɓa yi wa magana ba. Ki dawo nan da mako biyu."

Baftisma saura mako uku. Sauran huɗun duk an karɓe su, har da wata wadda ta ce Ruhu Mai Tsarki mala'ika ne sai da aka gyara mata. Na fito ina huci. Na wuce babana yana tsugune yana matsa tayar keken da ba abin da ya same ta, na tafi gida na faɗa kan gadon Kaka na yi kuka mai isata. Kunya nake ji da fushi, kuma fushin ya fi yawa.

Ga shi damina ba ta yi ƙarfi ba a shekarar. Kullum daga lakwal sai na biya ta tafki. Na kafa kara a bakin ruwa, washegari in tarar ruwan ya ja baya ya bar karan a busasshiyar laka. Masu bulo sun fara haƙa a gefe, shanu suna shiga suna dama abin da ya rage. In aka sake mayar da ni, ko ruwan ya tafi, farar rigata sai ta shekara a cikin akwati.

Na gwada abin da fasto ya ce. Na durƙusa a ɗaki, na buɗe baki, sai in ji kamar an sa ni in shiga turakar Baba in zauna a kan gadonsa. Kalmar ta ƙi fita. Mako guda ina wannan fama.

Ranar Lahadi aka karanta mana labarin baftismar Almasihu a kogi. Na ji shi ya fi a ƙirga, har na iya shi da ka. Ya fito daga ruwa, Ruhu ya sauko masa, murya ta zo daga sama, Uban ya shaida gaban taron jama'a cewa wannan Ɗansa ne, yana ƙaunarsa, yana jin daɗinsa. Kaka tana gefena a benci, tana gyangyaɗi kamar yadda ta saba. Sai na ji ta yi ƙwafa ta ce ƙasa-ƙasa, "Oh, wannan uba dai ba shi da kunyar ɗan fari."

Dariya ta kubce mini, mata suka waiwayo. Amma kafin dariyar ta ƙare sai maganar ta shige ni. Gaskiyar Kaka ce. Ɗa guda, na fari, kuma ga uban yana yabonsa da murya a bainar jama'a, bai aiki kowa ba, bai dubi bango ba. A garinmu da wani ya yi haka, da an yi wata guda ana zancensa a kasuwa. Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauko halin gidanmu na ɗora wa Allah, ina tsammanin ladabi nake yi.

Da ƙyar na iya zama har aka tashi. Ana fitowa na tare fasto a ƙofa, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce, "Baba Fasto, yadda yake yi wa Ɗan magana kai tsaye, har da ni?" Ya ce, "Me kike tsammani baftismar take nufi? Inda Ɗan yake tsaye, nan ake tsayar da ke." Na ce to Ruhun fa? Ya ce in je in buɗe baki tukuna, zan gane shi.

Washegari da hantsi aka aike ni roron wake a gonarmu ta hanyar Kurni. Ba kowa, sai karan gero a tsaye da awakin wani suna ɓarna daga nesa. Na ajiye ƙwarya. Na dubi gabas na dubi yamma kamar mai shirin sata, sannan na ce, "Baba." Kalmar da ban taɓa faɗa wa mahaifina ido da ido ba. Na tsaya ina jira in ji ko wani abu zai faɗo mini. Ba abin da ya faɗo. Sai na sake faɗa, daga nan kuma magana ta ɓalle. Na gaya masa zancen tafki, da gwiwar Kaka, da yadda nake kishin ƙannena ranar kasuwa, abin da ni kaina ban san yana raina ba sai da na ji shi a bakina. Har ƙarar fasto na kai. Ina kuka ina dariya, ban san daga ina maganar take fitowa ba, kuma a nan na fara gane wanda fasto ya ce zan gane. Daɗin da na ji ran nan ban taɓa jin irinsa ba. Na koma gida da wake ko rabin ƙwarya bai kai ba, Kaka ta ce da ta sani akuya ta aika.

Da na koma gaban dattawa, Baba ya sake fita duba keke. Fasto bai yi mini tambaya ko ɗaya ba, ya ce in yi addu'a. Na fara, kuma ban ga wurin tsayawa ba. Sai da ya ce amin sau biyu da ƙarfi sannan na gane an gaji. Ya ce, "Ki wanke rigarki."

Ranar baftisma muka fito daga majami'a da waƙa, mata suna kaɗa tulu da caki, ni ina gaba kamar ni kaɗai za a yi wa. A bakin tafki mata masu wanki suka tattara kayansu gefe suka tsaya kallo. Wani Alhaji maƙwabcinmu da ya zo ɗiban ruwa da amalanke ya riƙe san da ke jan amalanken ya ce mu gama tukuna. Ruwan ya ja sosai, sai can tsakiya yake kai cinya, kuma kafin a isa akwai laka mai santsi mai cafke ƙafa. Don haka ake sa dattijo ɗaya ya tsaya a ciki, ya kama hannun kowa ya kai shi wajen fasto ya dawo da shi. A shekarar babana ne aka sa.

Ya kai mutum huɗu ya dawo da su. Ni ce ta ƙarshe. Dattijon nan mai gyaɗa kai ya riga ya naɗe wandonsa zai karɓe shi, don kowa ya san Baba zai fito ya ba da wuri. Ni ma dattijon nake duba. Baba bai fito ba. Ya tsaya a cikin lakar, rigarsa ta jiƙe har ƙugu, ya miƙo hannu. Waƙar ta ɗan yi rauni, na ji mata suna ƙus-ƙus a bayana.

Na kama. Hannunsa kaushi ne da shi. Ya dube ni, ni ɗin, ya ce, "Taka nan, can akwai rami."

Na taka inda ya ce. Fasto ya sa na durƙusa don ruwan ya ishe ni, ya tsoma ni da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na taso ina tari, laka a fuskata, farar rigar nan ta koma kalar kunun kanwa, ina dariya ban iya dainawa ba. Sauran huɗun a bakin ruwa Baba ya sake su. Ni bai sake ni a nan ba. Ya hau tudun da ni, ya ratsa ta gaban mata masu wanki da Alhajin da dukan ikilisiya, hannuna a cikin nasa, har inda Kaka take zaune.

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai kuma yau ina ka ajiye kunyar?"

Sunana dai bai kira ba, kuma har yau da furfura ta cika masa kai bai kira ba. Ya juyo ya ce mini, "Kin ji sanyi?" Na ce, "A'a, Baba."