Shanun Baba Sale a Cikin Wayata

Da ni mai cajin waya ne a kasuwar Birnin Kudu. Ɗan tebur gare ni da janareta, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

Wata rana na faɗa wani shafin intanet na kyauta mai nuna farashin hannun jarin kamfanoni. Na saki baki. Ina zaune a gindin darbejiya, ga cinikin kasuwar hannun jari ta Legas yana motsi a tafin hannuna, kore in farashi ya tashi, ja in ya faɗi. Sai na gano akwai wurin da mutum zai rubuta hannun jarin da ya mallaka, shafin ya riƙa nuna masa ribarsa, kuma ba mai tambayar shaida. Da wasa na rubuta wa kaina guda dubu. Abokai suka fara ce min Alhaji, ni kuwa sunan ya yi min daɗi.

Duk ranar kasuwa wani dattijo, Baba Sale, yakan zo daga Farin Dutse ta Gwaram ya kawo caji. Ya leƙa wayata ya ce, "Yaro, wannan abin haihuwa yake yi?"

Na ce, "Ya fi saniya, Baba, ga shi ba ya cin ciyawa."

Bayan kaka ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya damƙa min kuɗin in saya masa hannun jari, da niyyar kafin damina ya sayi huɗu. Shi a wurinsa ba da kiwo ya yi: ka ba amintacce dabba, ba takarda, sai dai ka riƙa leƙawa. Na rubuta sunansa a shafin, na sayi babur da kuɗin. Kowane mako zai zo ya ce, "Buɗe min in gaida shanuna." In ya ga kore, har albarka yake sa min.

Da hadari ya fara haɗowa ya ce in sayar. Na yi ta yi masa hanya-hanya, sai ya zo da 'yarsa Hadiza, malamar firamare. Ta buɗe shafin a wayarta, ta rubuta wa kanta miliyan, ta ce, "Baba, ga shi ni ma na zama attajira." Aka kai ni kotu, alƙali ya ba ni shekara biyu.

Da na fito, Farin Dutse na fara zuwa. Na same shi a duƙe yana huɗa da garmar hannu. Na durƙusa ina kuka. Ya ce ya yafe, sannan ya ce, "Buɗe min in gan su."

Na buɗe. Farashin ya ninka uku. Na ji tsoron Allah irin wanda ko a kurkuku ban ji ba. Da na saya masa da gaske, da shanu shida gare shi, ni ma da na samu rabona da mutuncina.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ikon Allah! Ashe ba ka yi ƙarya ba, sun hayayyafa. A garken wani ne kawai." Ya ɗauki garmarsa.

Matasa, shafin nan ba ya sayarwa, nunawa kawai yake yi. Ku sayi hannun jari wurin dillali mai rajista, ku karɓi shaida da sunanku. In kuwa dattijo ya ba ku kiwo, ku riƙe amana. Ni har yau in na ga kore, bayan Baba Sale nake gani a duƙe.