Duniyar da Ba Ta da Gabas

Ko tsufa zai sa in manta inda na ajiye hulata tana kaina, ba zan manta ranar da bakina ya kusa raba jikata da karatu ba.

Ni dai aji huɗu na yi a boko, amma a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad wannan ya isa a kira mutum ustaz, kuma ban taɓa hana kowa ba. Jikar tawa tana jami'a a Wad Madani lokacin. Ta zo hutu, tana dafa min jabana, gahawar nan tamu, sai ta ce taurarin sama ranaku ne irin tamu, kuma an gano duniyoyi suna kewaya su. Yawanci ba a ganinsu, hasken tauraron ne ke ɗan dusashewa in sun gifta ta gabansa. Wata shekararta ba ta kai kwana ɗaya namu ba. Wata kuma fuska ɗaya ta juya wa ranarta, a gefe guda rana ba ta faɗuwa, a ɗayan ba ta fitowa. Ta ja min kunne cewa ko kiyashi ba a gani a can ba.

Jan kunnen nan a gida na bar shi. Bayan la'asar na je gindin bishiyar da tsofaffi ke zama, na cika duniyar da mutane. Na raba wa kowa hawasha, gonar auduga wadda ba ta jiran a sako ruwa daga madatsar Makwar. Na ce tunda rana ba ta faɗuwa, ba magariba ke nan. Kafin labarin ya kai ƙarshen gari, ya zama wai yarinyar ta ce akwai inda ba a salla. Ubanta ɗana ne, mutumin da ba ya wasa. Ya ce ta kwance jakarta, ita da Madani sai a labari.

Kwana biyu ba ta tsokane ni da "angona" ba, jabana kuwa ko ƙamshinta. Dole na je na roƙi liman ya zauna da mu.

A ƙofar masallaci ta maimaita abin da ta faɗa min, ba ƙari ba ragi. Aka juyo kaina, na amsa cewa mutanen da audugar duk nawa ne. Har an fara murmushi, sai wani tsoho abokin gardamata ya ce, "To 'yar nan, ina gabas a can?"

Ta ce inda rana ba ta fitowa ai babu gabas. Wuri ya ɗauki salati. A bakinmu gabas ita ce alƙibla, don haka abin da suka ji shi ne babu alƙibla. Na ga ɗana ya fara neman takalminsa.

Nan aji huɗu ya yi min rana. Na ce wa tsohon, "Alhaji, nuna min inda rana ke fitowa." Ya nuna. "To nuna min inda masallacin nan ya fuskanta."

Hannunsa ya karkata wajen arewa. Ya tsaya yana kallonsa kamar na aro.

Na tuna musu cewa kakanninmu daga yamma suka taso da ƙafa, suna bin gabas zuwa Makka, suka yada zango a nan. Makka ta koma mana arewa maso gabas, mu kuwa muka riƙe kalmar yadda aka ba mu. Shekara da shekaru muna cewa gabas muna fuskantar wani wurin, kuma ba wanda sallarsa ta ɓaci.

Liman ya yi dariya har da share ido. Ya ce alƙibla daban, mafitar rana daban. Hukuncin mutanen can kuwa sai an samu mutanen, kuma in za a tura ɗan aike, ni ya dace, tunda na san gonakinsu. Ɗana bai yi dariya ba, amma ran Asabar shi ya ɗauki jakar ya raka ta bakin titi.

Tun ranar na koyi cewa in za ka ƙara gishiri a labarin wani, ka fara duba wa zai sha miyar. Ban daina ƙari ba, kar ku ce na tuba. Amma yanzu a kaina kaɗai nake yi.