Shunin Baba a Jikin Liyari

Babanmu marini ne a Maska, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa ganin ainihin launin hannunsa ba. Daga yatsu har gwiwar hannu shuni ne. In ya gutsuri tuwo, sai ka ga shatin yatsunsa a jikin malmala.

A wancan zamanin da kuɗin wuri ake ciniki, amma Baba yana da liyari guda, kuɗin azurfan nan mai faɗi da fatake ke kawowa daga arewa. Wani falke ne ya ba shi a bakin rawuna. Bai taɓa tunanin kashe shi ba. Kullum yana aljihun taguwarsa, in ana hira sai ya ciro yana murzawa da babban yatsa. Gefe ɗaya hoton kan wata mace ne mai kumatu, ɗayan kuma tsuntsu mai kai biyu. Yau da gobe shuni ya cike kowane lungu na zanen, har gashin matar ya koma shuɗi.

Da aka zo rabon gado, Inna ta ce a sa mata liyarin cikin tumuninta. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙin dauɗa, tasar ɗakina sai ka ga fuskarka a ciki. Ina ganinsa a hannunta na ce, “Haba Inna, azurfa kamar gindin tukunya? Kawo in sa masa toka da tsamiya.”

Ta dunƙule hannu. “Ke dai je ki wanke tasoshinki. Wannan ba dauɗa ba ce, hannun ubanki ne.”

Ban sake tayar da maganar ba.

A bakin zane take ƙulle shi. Ran nan ana sussukar dawa ya suɓuce cikin ƙaiƙayi, muka wuni muna tonawa, Inna ko ruwa ta kasa sha. Da aka same shi ta ce ita kam ta gaji da fargaba, a wuya za ta rataya shi. Ranar kasuwar Bakori na raka ta wurin wani maƙerin farfaru mai aikin azurfa, dattijo mai ƙarancin magana.

Ya ƙwanƙwasa liyarin a kan uwar maƙera, ya kasa kunne, sannan ya juya shi a rana. “Baiwar Allah, wannan ba a taɓa wanke shi ba,” in ji shi. Ya ciro wani daga jakarsa, fari tas, ya miƙo mana. Matar da ke jikinsa ba gashi ba hanci, duk fuskar ƙananan karce. “Kin ga aikin yashi. Irin wannan ba na saurin yarda da shi, don mai dirzar azurfa sau da yawa akwai abin da yake ɓoyewa, ko an kankare gefe ko an yi gami. Naki kuwa ba ya ɓoye komai.”

Na ji kunya ta kama ni, na mai da farin na koma bayan Inna.

Sai ya ce in kunne za a liƙa masa don zare, dole ya shiga wuta, wuta kuwa za ta cinye baƙin, daga nan a dafa shi da tsamiya ya fito fes. Kafin ya rufe baki Inna ta miƙa hannu za ta karɓe kayanta. Ya dube ta, ya dubi liyarin.

“Shunin wane ne?”

“Na maigidan ne. Ya rasu.”

Ya yi masa addu'a. Ya ture zugazugi gefe, ya naɗe liyarin da tsumma don kada yatsunsa su taɓa, ya huda shi a sanyi, a hankali, can bakin gefe. Da zai miƙa mata ya ce, “Amma ki sani, jiki ma yana wanki. Gumi da zane sun fi tsamiya haƙuri, aikinsu dai ɗaya. In kina so ya daɗe, ki sa shi a tandu ki rufe.” Inna ta yi godiya, ta zura zare, ta rataya tun a nan.

Bayan 'yan damuna ina yi mata kitso, liyarin ya leƙo daga wuyanta. Gefen tsuntsun ya yi fari, sauran shunin ɗan kaɗan ne, a cikin gashin matar kawai. Wai ni mai toka da tsamiya, ni ce na rikice! Na tashi na ɗauko ɗan tandun kwallina, na zazzage, na goge shi.

“Inna, don Allah cire ki ajiye a nan. Saura kaɗan ya ƙare.”

“Na gani. Ce miki aka yi na makance?”

Ta riƙe shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Tun ina amarya mutumin nan yake ɓata min jiki da zane da shuni, ina wankewa ina mita. Yanzu da ɗan wannan ya rage, sai in kulle shi a tandu, shi can ni nan? Bar shi ya ƙare a jikina.”

Ta mai da shi ƙirjinta, ta gyara zama, ta ce in ƙarasa mata kitso. Na ɗauki tsinke, amma hawaye ya hana ni ganin tsaga.