Ranar da Aka Auna Habu

A farkon daminar 1999, makon da soja suka miƙa mulki ga farar hula, maza sun cika zauren gidanmu a Mandawari sun kewaye rediyo suna ta musu, ni kuwa ina tsakar gida ina kallon wata baƙuwa tana kwantar da ƙanena Habu a kan wani dogon katako. Likitar yara ce, wai bincike take yi gida-gida kan abin da yara ke ci bayan yaye. Ta miƙar masa da ƙafafu, ta danne gwiwoyinsa, ta matso da wani ɗan allo ya tokari tafin ƙafarsa. Nan take tsoro ya kama ni.

Ina da dalilina. Sau ɗaya na taɓa ganin an auna mutum a kwance, ranar da jaririn maƙwabtanmu ya rasu. Ta kafar katanga na leƙa na ga wani dattijo ya ajiye kara a gefen gawar, ya karya shi daidai tsawonta, ya miƙa wa masu haƙa kabari. Ga shi kuma Habu ya daɗe ba lafiya. Tun da Umma ta samu ciki, kakarmu Iya ta sa aka cire shi daga nono, wai nonon mai ciki guba ne, aka bar shi da koko safe da yamma. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya daina rarrafowa ya watsa min duwatsun carafke. Mata kan shigo dubiya su ce "Allah ya sawwaƙe," su fita suna ƙus-ƙus. Ni nake goya shi in tafi ɗebo ruwa ko kai niƙa, don haka na fi kowa sanin yadda yake ƙara yin shiru.

Likita na juyawa za ta ɗauko wani abu a jaka, na sure shi na saɓa a baya, ko zani ban tsaya ɗaurawa ba, na ratsa maza a zaure na faɗa lungu. Ban tsaya ba sai wani kangon gida da muke 'yar ɓuya a ciki. Na tsuguna a bayan rusasshen bango ina haki, ina jiran ya yi kuka. Bai yi ba. Kansa ya langaɓe a kafaɗata, numfashinsa sama-sama. Na kira sunansa, na yi masa cakulkuli, ko motsi. Tsoron da na gudo da shi sai ya zama wasa a kan wannan. Ba wanda ya nemo ni, da ƙafata na koma ina kuka.

Na tarar Iya ta tanadi tsintsiyar dukana, likita kuwa tana zaune a tabarma ba ta tafi ba. Ta hana a taɓa ni, ta ce, "Zo nan, 'yan mata. Me ya kore ki?" Na faɗa mata zancen kara. Ba ta yi dariya ba, ta ce, "Wanda za a binne sau ɗaya ake auna shi. Ni zan yi ta dawowa ina auna naki, don in ga ya ƙaru."

Ranar ta tafi da shi da Umma asibiti. Da aka sallamo su sai rigima ta koma kan abinci. Iya ta ce gidanta ba a taɓa kwana da yunwa ba, kuma yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Likita ta yi ta lallaɓa ta har ta yarda da gyaɗa da wake a kunu, ƙwan kuwa Umma ke ba shi a ɗaki. Ni ce mai dakan gyaɗar, hannuna har ya yi kanta. Duk zuwan katakon nan sai gabana ya faɗi, in tsaya ina kallon fuskarta har ta ɗaga kai ta ce ya ƙaru. Aikinta a unguwarmu ya ƙare kafin ya fara tafiya.

Yanzu in na kai 'ya'yana awo, uwaye hira suke yi ana auna yaransu, ba mai faɗuwar gaba. Wata nas ta gaya min rubuce-rubucen likitar nan aka koyar da su a makaranta, ta kuma ce ta rasu. Iya da Umma ma duk sun riga mu gidan gaskiya, tsakar gidan an yanka ta ɗakuna. Habu kuwa yau sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu. Na so a ce likitar nan ta gan shi a tsaye.