Takalmi Lamba Hamsin

Shekara ashirin na yi ina zaɓen fata a wani kamfanin jima a Challawa, kuma ba a haifi wanda ya taɓa yi mini wayo ba. Nakan shinshina fatar akuya in faɗa maka ciyawar da ta ci ranar da aka yanka ta. Dillali na shigowa, daga yadda ya sauke kaya nake sanin ko ya cusa ruɓaɓɓiya a tsakiya. Har ta kai akwai garuruwan da in aka ce daga can kaya suka fito, ba na wahalar da kaina da kwance ɗauri, sai kawai in nuna kusurwar da muke tara rijet, wato fatar da ta faɗi jarrabawa. Masu kaya su yi ta rantse-rantse, ni ina kurɓar shayina.

Matsalata ɗaya a duniya ita ce ƙafa. Allah Ya ba ni ƙafar da in na tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, mutum uku ke rasa wurin ajiye nasu. Dogon takalmin robar da kamfani ke rabawa ya tsaya a lamba arba'in da biyar, ni kuwa hamsin nake sawa. Shekara da shekaru ina yanke bayansa, diddigena a waje, ruwan gishiri da farar ƙasa suna ci. Wajen shekarar dubu biyu da tara aka kawo mana sabon manaja. Ya dubi diddigen nan, ya ce daga ƙarshen wata ba mai shiga wurin ɗanyar fata sai da cikakken takalmi. Lokacin kuwa masana'antu na ta rufewa, wanda aka ce ya je gida ya ɗan huta, to ya huta ke nan. Na zaga Sabon Gari, na zaga 'yan gwanjo, wani mara kunya har yana tambayata ko kwalekwale nake nema.

Ina da aboki Bazazzagi, tsohon ma'aikacin masaƙa a Bompai. Da aka rufe tasu sai ya buɗe kafe na intanet a Sharada, kwamfuta huɗu da janareta mai tarin fuka. Shi ya ce a Turai akwai masu ƙafa irin tawa, kuma ta intanet ake sayar musu. Katin da banki ya ba ni ma, in ji shi, irin mai aiki har ƙasar waje ne. Na ce na ji, amma ba zan miƙa lambar katina ga mutumin da ban ga ƙwayar idonsa ba sai na zaɓe shi yadda nake zaɓen fata. Ya ce Bakano dai ko aljanna aka ba shi sai ya taya.

Kullum in na tashi aiki sai in zarce wurinsa. Kantin farko ya karya farashi har ya yi ƙasa da na silifas, na ce araha ba ta ado, a wuce. Na biyu ba adireshi, ba lambar waya, ɗan kasuwa ba rumfa. Na uku ya sa hoton wata Baturiya tana murmushi da waya a kunne, har na fara sakin jiki, sai muka buɗe na huɗu na ga ita ce dai, rigar ma ba ta sake ba. Na ce wannan dillaliya ce, duk su biyun rijet. Abokina ya ce a bar maganar fuska, abin da ake dubawa shi ne hoton ɗan kwaɗon ƙofa da ke fitowa a ƙasan allo, shi ke nuna ba mai leƙa lambar mutum a hanya. Na ce kwaɗon da aka zana da hannu ko akuya ba ya tsarewa, amma na sa shi cikin sharuɗɗa.

Kanti ɗaya ya rage, mai kwaɗo, mai adireshi har da lambar titi. Sai na ɗana masa tarkon da nake ɗana wa dillalai: ka tambayi mutum abin da ka riga ka san amsarsa. Na sa aka rubuta musu cewa na ji an ce takalminsu ko wuta ba ta cin sa. Maƙaryaci zai ce ƙwarai kuwa. Suka amsa cewa roba ce, wuta za ta narkar da ita, ruwan jima dai ne ba zai ratsa ba. Na taya, suka ce ba ragi. Na buga lambarsu, wani dattijo ya ɗauka, muryarsa irin ta wanda ya ƙoshi. Sati uku cif na yi ina wannan bincike, ko mai ba da 'ya bai kai ni ba.

Ranar Asabar na yanke hukunci sun ci lamba ɗaya. Na sa babbar riga musamman, na ce kowa a kafen ya juya baya, na lulluɓe kaina da allon rubutun kamar mai turaren mura, na danna lambobin ɗaya bayan ɗaya da bismillah, har ukun nan na bayan kati waɗanda ko uwargida ba ta san su ba. Abu ya yi ta juyawa. Can sai wani jan rubutu ya fito.

Na ce, “Karanta mini, ɗan Zazzau, yaushe zai iso?”

Ya gyara tabarau. “Ranka ya daɗe, sun ce ba sa karɓar kati daga ƙasarku.”

“Ƙasarmu ni da wa? Kai daga Makka ka zo?”

Ni da ke tsoron a cuce ni, ashe ni ne ɓarawon da ake tsoro. Na sa ya rubuta musu cewa kuɗina ne, gumina ne, kowa a Zawaciki ya san gidana, a tambayi liman in ana so. Amsa ta zo da ladabi kamar ta mai gaisuwar mutuwa: suna ba da haƙuri, an sha damfarar su daga wannan yanki, doka ce ta kowa da kowa. Wane kowa? Sun taɓa ganina? Da zan saci katin wani, takalmin roba lamba hamsin zan saya da shi? Wane ɓarawo ne zai yi sati uku yana tambaya ko wuta na cin roba? Fatar da nake zaɓa da hannuna ita ake loda wa jirgi a kai musu, su ɗinka takalma su yi taƙama, ba su taɓa cewa ba sa karɓar fata daga ƙasarmu ba. Fatar akuyarmu ta shiga, mai zaɓenta ya tsaya a ƙofa.

Kwana huɗu suka rage wata ya ƙare. Na kwashi sababbin takalman kamfani guda huɗu na kai wa wani mai facin tayar tirela a Dakata. Ya auna ƙafata da igiya, ya yi salati, ya yanka ya haɗa biyu-biyu, ya liƙe da robar cikin taya ya gasa. Abin da ya fito bai yi kama da takalmi ba, ya fi kama da ɗan kada. Ran Litinin manaja ya sa na tsaya cikin kwatami minti goma, na fito safa a bushe. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce in wuce bakin aiki.

Da yamma na je kafe da su a ƙafata don in huce. Na ce wa abokina duk da haka idona bai yi ƙarya ba, kantin na gaskiya ne, ba su taɓa mini ko kwabo ba, rashin mutunci ne kawai ya yi musu yawa, su yanke wa mutum hukunci ba su dube shi ba.

Bai ko ɗago kai daga gyaran janareta ba. Ya ce, “To ai aikinka suka yi maka, Malam. Sun tambayi garin da kaya suka fito, suka ga ba sai an kwance ɗauri ba.”