Aji Bakwai a Makarantar da Ta Tsaya a Shida

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki, ina akawun wata makaranta mai zaman kanta a Yakasai. Wani saurayi ya shigo ofis, agogonsa na fara gani. Ya kwance shi ya ajiye a tebur, ya kara kunne jikin tsohuwar kwamfutarmu kamar likita. Ni kuwa da littattafan soyayya suka raine ni, tuni na sa shi a babi na ɗaya.

Injiniya ne hedimasta ya ɗauko, ya kwashe rumbun bayanan ɗalibai zuwa sabuwar kwamfuta. Sakamakon shekara shida ne a ciki, takardun kuma gara ta cinye.

"Malama, yaushe ta fara wannan kukan?"

"Tun makon jiya."

"To tana gargara. Duk mintin da muka ƙara, za mu iya rasa komai."

Ya fara kwafewa a faifai, abu yana jan ƙafa. Ya dubi agogo, ya dube ni.

"Ɗalibanku nawa?"

"Ɗari huɗu."

"Ni kuwa kusan dubu nake gani."

Asirina ya kusa tonuwa. Hedimasta mutum ne mai binciken fayil, shi ya sa na ɓoye littafin da nake rubutawa a cikin rumbun. Sai in ƙirƙiri ɗalibi, in cika gurbin bayanin malami da shafi guda, in liƙa hoton fure a madadin fuskarsa. Duk na tara su a aji bakwai.

Ya buɗe ɗaya ya karanta a fili: "'Idanunki sun raba ni da abinci.' Wannan yaron ya ci jarrabawa kuwa?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Da 'yan ajinki awa biyu ne, Malama. Babu su, minti ashirin. Zaɓi."

Wallahi sai da na so in zaɓi littafina, Allah Ya yafe mini. Sannan na ce, "Cire su."

Ya ware su gefe, ya matse sauran suka ƙanƙance, ya kwafe. A sabuwar kwamfuta ma bai bari ta tsaya jera sunaye ba sai da komai ya shige. Ya sa na kira sunayen yara biyar, duk suka fito da makinsu. Sannan ya koma ɗauko nawa. Bai kai rabi ba tsohuwar ta yi ƙara ɗaya ta mutu, da jarumina da jarumata, ana saura babi biyu biki.

Na sha kuka, ya ba ni haƙuri, bai gaya wa hedimasta ba. Ranar na koyi cewa amanar mutane ake fara tsallakar da ita, kuma kayan da ka cusa a ɓoye kowa yake ja wa nauyi.

Injiniya bai aure ni ba, bai ma san na shirya mana hakan ba. Yanzu ya yi furfura, yana koyar da kwamfuta a Koki. Bara na kai 'yata rajista, ya ɗago ya dube ni da kyau, ya ce, "Hajiya, wannan dai ta gaske ce ko?"